Darasi Biyu na Ranar Laraba

Na Allah ne mu duka, kuma gare Shi kowa zai tattara ya koma. Ranar Talata, goma sha ɗaya ga watan Fabrairu, da misalin ƙarfe goma na safe, Allah Ya karɓi ran yayata a wurin aiki, malamar kimiyya ta makarantarmu ta sakandare, wadda ɗalibai suka fi sani da Malama Gwada-mu-gani. Ta rasu a asibiti bayan jinyar kwana biyu. Hawan jini ne ya kayar da ita. Shekarunta hamsin da uku, ashirin da shida daga cikinsu a aji ta yi su. Ta bar miji da 'ya'ya huɗu. Ina gaban allo a aji shida labarin ya same ni, shugabar makaranta ta leƙo ta taga ta yafito ni, kuma daga yadda ta riƙe bakin tagar na san ba alheri ba ne.

Yaya, an ce ni zan rubuta wani abu a kanki, don ni na fi kowa daɗewa tare da ke a ɗakin malamai. Na zauna in rubuta yabo, sai haushi ya riƙa fitowa. Takarda uku na yaga. Daga baya na ce to ai kin san halina, tunda muke ban taɓa yi miki magana mai daɗi zalla ba, in na fara yau sai ki ɗauka wata ce ta rubuta.

Haushina na farko a kan jikinki ne. Ke ce kika sa yaran makarantar nan suka auna duk abin da ake iya aunawa, daga zafin aji har tsawon inuwar tankin ruwa. Amma ki miƙa hannu a auna jininki, nan kika yi kememe. 'Yarki ta fari ma'aikaciyar jinya ce, na'urar awon tana cikin jakarta kullum, ta roƙe ki har ta gaji ta kawo ƙararki wurina. Na yi miki magana kika ce ciwon kai ne kawai na hayaniyar yara. Na sake yi, kika ce in an gama zango. Saura mako shida a gama zangon kika faɗi a bakin ɗakin gwaji da makulli a hannunki.

Ga wanda bai san ni ba, ni ce malamar lissafi, kuma ni nake tsara jadawalin darussa na makarantar nan tun kafin a gina benen baya. Marigayiyar takan kira ni Uwar Agogo, wai ko atishawa mutum zai yi sai na duba ko lokacinta ya yi. Tun ranar da aka yi jana'izarta, mako huɗu ke nan, abu ɗaya nake fama da shi: darasi biyu na ranar Laraba, waɗanda ta ƙwata daga hannuna da ƙyar, ko za su rayu bayanta ko za su bi ta.

Shekara goma sha ɗaya da suka wuce kika shigo ofishina, wannan ɗan lungun da ke bayan ɗakin malamai, wanda tebur ɗaya da kabad ɗaya suka cinye. Kika ce kina son darasi biyu a jere kowace Laraba ga 'yan aji huɗu da aji biyar, kuma ba koyarwa za ki yi a ciki ba. Na ce to barci za a yi? Kika ce yara za su ɗauki wata matsala ta gaske da ke gabansu a makaranta, su rabu rukuni-rukuni, su yi wata uku suna binta har su ga inda ta tsaya. Na tambaye ki a wane shafi na manhaja aka rubuta haka. Kika ce babu. Na ce to wuri ma babu. Duk wanda ya taɓa tsara jadawali ya san ba a taɓa akwati ɗaya sai goma sun motsa. Malamin tarihi yana da wata makarantar da rana, malamar adabi tana da goyo, ɗakin gwaji ɗaya ne ga azuzuwa goma sha biyu.

Ba ki yi gardama ba. Washegari kika dawo da littattafan makinki, kika zauna a kujerar baƙi kina duba aikin yara, ko kallona ba ki yi. Haka jibi, haka gata. Mako biyu kina zaune mini a ofis, har shayi nake raba miki don kunya. A ƙarshe kika ɗauki tsohon jadawalin bara, kika sa almakashi kika yayyanka shi akwati-akwati, kika durƙusa a ƙasa kina jerawa har kika fitar da gurbi biyu a jere. Kin yi kuskure ɗaya, kin sa malamin addini a aji biyu lokaci guda. Amma sauran duk daidai ne, kuma wannan ya fi kuskuren ƙona mini rai.

Tun daga nan, kowane farkon shekara sai mun kai ruwa rana. Ni in ce sakamakon jarrabawa ake kallo, ke ki ce yaro ake kallo. In ce miki iyaye takardar shaida suke so, ki ce takardar ba ta iya buɗe baki a gaban mutane. Mukan yi kwana biyu gaisuwa kawai ke haɗa mu, sai ki turo mini da lemo a jakar leda ba tare da saƙo ba, ni kuma in bar miki gurbinki.

Abin da ya fi ba ni mamaki a tsarinki shi ne ba kya ba da amsa. Yaro zai zo da tambaya, amsar tana bakinki, sai ki ce masa ya gwada a gani. Daga nan sunan ya samo asali, kuma kin san suna kiranki da shi, har kwaikwayon muryarki suke yi a bayan tanki. Kuma ba kya yarda mai ɗaukar na ɗaya ya shugabanci rukuni. Shi kikan ba ɗaukar kaya da riƙon awo, shugabancin kuma ki ɗora wa wanda ke ɓuya a kujerar baya. Kowane rukuni yana da littafi guda da ake rubuta abin da aka gwada bai yi ba, kuma shi kike fara karantawa kafin ki kalli abin da ya yi. Na sha gaya miki cewa malamin da ba ya ba da amsa kamar mai shago ne da ya buɗe ƙofa ya ƙi sayarwa. Kika ce in ji da shagona.

Ba zan manta shekarar zafin aji ba. 'Yan aji huɗu da ke ɗakin ƙarshe, wanda bangonsa ke fuskantar yamma, sun yi suna da barci. Kowane malami ya yanke musu hukuncin lalaci, ni ce kan gaba, don darasina da su na ƙarfe ɗaya ne, kuma rabin ajin kan kifa kai a tebur kafin in gama rubuta kwanan wata. Sai kika ba su ma'aunin zafi uku da ke ɗakin gwaji, kika ce su bincika. Mako shida suna zagaya azuzuwa sau uku a rana suna rubutawa. Wata rana ina ofis na ji ƙwanƙwasa, na buɗe na ga yara shida da kwali mai zane, ke kuma kin tsaya can nesa kina kallon bishiya kamar ba tare kuke ba.

Wadda ta yi magana ita ce yarinyar da muke kira Shiru, wadda shekara uku ina koyar da ita ban san kalar muryarta ba. Ta ɗaga kwalin. Ta nuna mini cewa da ƙarfe ɗaya ajinsu ya fi na kusa da ofis zafi da digiri biyar, kuma makinsu na lissafi ya fi kyau a zangon da darasin yake da safe. Sannan ta ce, “Malama, ba mu ce ki yi haƙuri da mu ba. Mun ce ko za a mayar da lissafi ƙarfe takwas, in ba mu gyara ba sai a ce lalaci ne.”

A ofishina, a kan jadawalina, yara 'yan shekara goma sha biyar suka ƙure ni da lissafi. Na bi lambobinsu ina neman inda zan kama su, ban samu ba. Na mayar da darasin, kuma ban yi miki magana ba har Juma'a. Shiru yanzu ita ke kula da injinan tace ruwa a wata masana'anta, maza goma sha biyu a ƙarƙashinta. Ta zo gaisuwa gidanki, ta durƙusa gaban maigidanki ta yi magana ta kusan minti goma ba ta sarƙe ba, ni kuwa ina gefe ina kuka, rabi don ke, rabi don tuna sau nawa na rubuta mata “ba ta da ƙoƙari” a takardar sakamako.

Alherinki ma da ciwon kai yake zuwa. Shekarar da mahaifiyata ta kwanta, na yi mako uku ina asibiti. Ba wanda ya roƙe ki, kika ɗauki azuzuwana a kan naki, kika hana a kira ni ko sau ɗaya. Kullum bayan an tashi sai kin biyo ta asibitin, ki zauna da tsohuwa kina ba ta labarin shirmen yara har ta yi dariya, ni kuma ki kore ni in je in yi wanka. Wannan ba zan iya biyanki ba, Allah ne kaɗai zai biya. Amma da na dawo na buɗe littattafan yaran, ko babi ɗaya ba ki ƙara ba. Mako uku kin fitar da su fili da igiya da sanda suna auna tsawon bene ba tare da sun hau ba. Na shigo ɗakin malamai na wanke ki tas a gaban kowa, ko gaisuwar kirki ban yi miki ba. Kika bari na gama, kika tambaye ni jikin Mama. A jarrabawar shekarar, tambayar kusurwa da tsawo ita kaɗai ce kusan duk ajin suka ci. Ban taɓa gaya miki ba, don na san ba zan ƙara shan ruwa a ɗakin malamai ba.

Iyaye ma sun sha zuwa. Akwai wani direban babbar mota da ya zo a fusace, wai ya kawo ɗansa karatu an mayar da shi mai auna shara. Rukunin yaron na auna takardun da ake zubarwa kowane mako ne. Kika ba shi kujera, kika kira yaron kika ce ya yi wa babansa bayani. Da mutumin zai fita, a bakin ƙofa ya ce da ni tunda aka haifi yaron bai taɓa jin ya yi magana mai tsawon haka ba.

To yanzu ga babban haushina, Yaya. Sau nawa na ce ki rubuta yadda kike yi? Sau nawa na kawo miki sabon littafi na ajiye a teburinki, na ce ko shafi goma ne ki bar wa na baya? Kullum amsarki ɗaya ce, wai ba abin rubutawa ba ne, in zo in zauna in gani. Kwana uku bayan rasuwarki na sa Baban Sito, dattijon da ke kula da ɗakin gwaji, ya buɗe mini kabad ɗinki. Littattafan yara ne jibge tun na shekarar farko, an ɗaure kowace shekara da igiya. Na zazzage su duka ina neman ko takarda ɗaya da rubutunki. Na sami littattafan da na ba ki guda huɗu, biyu kin raba wa yara, biyu ko sunanki ba ki sa ba.

Ina tsaye cikin ƙura ina miki faɗa a zuci, sai Baban Sito ya ce, cikin ladabinsa, ai Malama ta sha ajiye mini kujera a bakin taga, ta ce wata rana zan zo. Na buɗe baki in ce ina da aji a lokacin. Gaskiya ne, ina da aji. Kowace Laraba, a daidai waɗannan darasi biyun, ina aji shida ina lissafi. Sai dai wa ya sa ni a can? Ni nake tsara jadawalin. Shekara goma sha ɗaya, da hannuna nake ajiye kaina a wani ɗaki a daidai lokacin da kike aikinki, kowace shekara in ce wa kaina haka ya fi sauƙin jerawa. Ban taɓa shiga ba ko sau ɗaya. Abin da na sani game da Larabarki duk daga bakin ƙofa ne da bakin yara.

Larabar da ta biyo baya na roƙi malamin tarihi ya zauna mini da aji shida, na tafi ɗakin gwaji. Na ce ko ba komai kada yaran su zauna babu kowa. Sauran rukunai suna ta harkarsu. Rukuni ɗaya na 'yan aji biyar ne na gani sun yi jugum a teburin ƙarshe. Aikinsu a kan famfunan makaranta uku ne. Lokacin hutu layi kan yi tsawo a wurin shan ruwa, yara su makara komawa aji a hukunta su, kuma kowa na zargin famfo na uku da rashin ƙarfi. Suna tara bokiti a kowane famfo su duba minti nawa yake ɗauka ya cika. Mako uku suna yi, lambobin sun ƙi zama. Yau famfo na uku ne mai jinkiri, gobe na ɗaya, jibi kuma duk su rikice. Shugabarsu wata doguwar yarinya ce da ake kira 'Yar Tela, wadda a ajina sai na kira sunanta sau biyu take ɗaga kai.

Na karɓi littafinsu na duba. Na kalli bokitansu guda biyu da ke gindin tebur, shuɗaye, iri ɗaya a ido. Shekara ashirin da huɗu ina koyar da faɗi da zurfi, ko minti biyu ban yi ba na ga ɗaya ya fi ɗaya faɗin baki. Daɗi ya kama ni, Allah Ya sani, na ji yau zan yi wa yaranki amfani. Na ce musu bokitan ba ɗaya ba ne, wannan lita goma, wannan sha biyu, kuma suna musanya su ba su sani ba. Ban tsaya nan ba. Na ɗauki alli na gyara musu lissafin mako ukun a allo, layi-layi, har na ja layi biyu a ƙarƙashin amsa. Suka ce sun gode. Suka kwafe tsaf. Sannan suka rufe littattafai suka naɗe hannu suna kallona, irin kallon da suke mini a ajina, suna jiran abin da zan ce a yi na gaba. Saura fiye da sa'a guda a buga ƙararrawa, kuma babu abin da ya rage a yi.

Da aka tashi, Baban Sito yana share allon ya ce, ba tare da ya dube ni ba, “Hajiya, bokitan nan Malama ce ta saye su haka da gangan. Duk shekara sai ta ba wani rukuni. Ta ce wanda ya gano da kansa ba ya sake yarda da awo sai ya auna abin awon.”

Na juya, sai na ga 'Yar Tela ba ta fita ba. Tana mayar da wata robar ruwa ta lita ɗaya cikin jakarta, babu komai a ciki. Na tambaye ta ta mece ce. Ta ce ba komai. Na matsa mata, sai ta buɗe mini shafin ƙarshe na littafin rukuninsu. Da ƙaramin rubutu, da kwanan watan ranar, ta rubuta: ko bokitin ne? Robar ta kawo daga gida don ta ƙirga lita nawa kowanne yake ci. Tun farkon aikin kina kallon yarinyar nan tana matsowa, kin danne bakinki, har Allah Ya ɗauke ki ba ki faɗa ba. Ni na zo na ƙwace mata a minti biyar, ina jin kaina gwana. Yaya, ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma babu wanda zan kai wa ƙara.

Litinin aka yi taron malamai. Abu na farko a takardar taro shi ne girmama ki. Kowa ya tashi ya yi magana, har waɗanda suke cewa Larabarki wasan yara ce. Aka amince a sa sunanki a ƙofar ɗakin gwaji, aka yi gardama mai tsawo a kan ko allon katako za a yi ko na ƙarfe. Abu na biyu shi ne darasi biyu na Laraba. Shugaba ta ce sakamakon jarrabawar fita ya sauka shekara biyu a jere, hukumar makaranta ta matsa mata, kuma akwai shawarar a mayar da lokacin na bitar tsofaffin tambayoyi. Ba na zarginta, ita ake kira a tuhuma. Ta yi adalci ma, ta ce in akwai wanda zai karɓi aikin marigayiya ya ɗaga hannu, za ta bar gurbin.

Malamai ashirin da bakwai ne a ɗakin. Waɗanda suka gama kuka yanzun nan, kowa ya sami abin dubawa a wayarsa. Shugaba ta dube ni, don ta san inda na je ranar Laraba. Ni kuma robar nan kawai nake gani. Na ce a raina in na karɓa, kowane mako sai na lalata wa wani yaro abin da ya kusa kamawa. Hannuna yana kan cinyata, nauyi kamar ba nawa ba. Ta zagaya ɗakin da ido, ta ce to shi ke nan, a rubuta.

Washegari tun kafin a yi layin safe ina ƙofar ofishinta. Na ce na karɓa, zan koya, ko a wurin yaran ne. Ta dube ni da tausayi ta ce tun jiya bayan taro ta aika wa hukuma da takardar, sun kuma amsa, har sun yaba. Na ce a janye. Ta ce ba ta da bakin da za ta koma musu da shi, kuma ta ba ni zuwa Juma'a in kawo sabon jadawali. Na yi faɗa, na ɗaga murya a ofishin shugaba, abin da ban taɓa yi ba. Ta bari na gama, ta ce, “Jiya na tambaya, Malama. Ke na kalla.”

Na tsara jadawalin, don aikina ne. Ban taɓa yin wanda ya zo mini da sauƙi irinsa ba, komai ya zauna daram, babu abin da ya yi karo da wani. A gurbinki na rubuta “Bita” sau biyu. Na kafa shi a allon sanarwa ranar Juma'a da kaina, ban aiki kowa ba.

Na ga ya kamata yaran su ji daga bakina, don haka na tara 'yan aji huɗu da aji biyar a ɗakin gwaji na gaya musu. Na shirya wa kuka ko gunaguni, babu wanda ya yi. Suka tattara kwalayensu da igiyoyinsu suka fita ɗaya bayan ɗaya. 'Yar Tela da mutum biyu na rukuninta suka tsaya. Ta ce sun sake awon da bokiti ɗaya a lokacin hutunsu, kuma famfo na uku ba shi da laifin komai, da alama matsalar a wani wuri take, suna so su bi bututun su gani. Ba ta nemi a dawo musu da Laraba ba. Tambayarta ɗaya ce, in sun gano, wa za su nuna wa.

Na ce su kawo mini.

Ta murza bakin jakarta. Sannan ta ce, a hankali, don yarinya ce mai ladabi, “To Malama. Amma don Allah in kin ga kuskure kada ki gyara mana.”

Na ce to. Iyakar abin da na iya ceto miki ke nan, Yaya, daga aikin shekara goma sha ɗaya: yara uku, hutun minti ashirin, da alkawarin zan riƙe bakina. Ki yafe mini.

Ya Allah, ga baiwarKa ta zo gare Ka. Ka jiƙanta, Ka gafarta mata, Ka yalwata mata makwancinta, Ka haskaka shi. Haƙurin da ta yi da 'ya'yan mutane, da wanda ta yi da ni, Ka sa ta same shi a mizaninta. Duk yaron da ya buɗe baki ya yi magana a dalilinta, Ka rubuta mata ladansa har ranar da za a tashi. Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanta, wanda ya yi shekaru yana haƙuri da gida cike da kwalaye da gwangwanaye, da 'ya'yanta huɗu, musamman babbar, wadda nake roƙo ta daina ɗora wa kanta laifi, ta yi iya yinta, ni shaida ce. Haka kuma ina miƙa ta ga 'yan'uwanta, da Baban Sito, da ɗalibanta na da da na yanzu. Allah Ya ba mu haƙurin rashinta, mu kuma in tamu ta zo Ya sa mu cika da imani. Amin.